Sarauniyar Lugu a Tarihi da a Ƙagaggen Labari: Nazari Domin Masu Tsara Littattafan Matasa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aikin yaƙi da jahilci ya san koya wa mutum baƙi da wasali ba shi ne ƙarshen aiki ba. Wahalar takan zo ne bayan ɗalibi ya iya haɗa baƙi, ya waiwaya bai sami abin karantawa ba, har karatun ya zube. Tun daga 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, ake fama da wannan giɓi. Yanzu kuwa, da yake dokar ƙasa ta 2025 ta sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, maganar ta ƙara nauyi. Yarinya mai shekara 13 ko 15 a ƙauyukan Hamdara, gabas da Mirya, ta wuce tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, amma ba ta kai ga littafin tarihi mai nauyi ba. Abin da ya dace da ita shi ne labari mai ɗan tsawo, wanda zai riƙe hankalinta, ya kuma bar mata wani abu na sanin ƙasarta.

Ƙagaggen labari mai tushe a tarihi, wanda tauraruwarsa mace ce ƴar sarauta, yana cikin abin da ake yawan kawowa don cike wannan giɓi. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna littafin Sarraounia na Abdullahi Mamani da wannan ma'auni, wato ta duba abin da ya ɗauko daga tarihi, da abin da ya ƙaga, da kuma abin da zai faru in aka mayar da labarin cikin harshen da aka yi shi, aka miƙa wa matasan ƙasar Damagaram. Kafin haka, za a fara da samfurin da ke zuwa daga waje, domin da shi ne mafi yawan masu tsara littattafai suke gwada nasu.

2.0 Samfurin gimbiyar Masar

A Amurka da Turai an daɗe ana rubuta wa matasa labarai a kan fadar Masar ta dā. Wadda aka fi zagayawa a kanta ita ce Hatshefsut, ɗiyar Fir'auna Tutmos na I, wadda ta yi mulki daga wajen 1479 zuwa 1458 kafin haihuwar Annabi Isa. Da fari riƙon gado ta yi wa Tutmos na III, yana yaro, daga baya ta ɗauki laƙabin Fir'auna ita kanta. Ta aika ayarin fatauci zuwa ƙasar Funt, ta gina babban ɗakin bauta a Dairul Bahri, aka kuma sassaƙa gumakanta da gemun sarauta irin na maza. Shekaru bayan rasuwarta aka bi ana kankare sunanta daga jikin gine-gine.

A 1953 Eloise Jarvis McGraw ta fitar da Mara, Daughter of the Nile, labarin wata baiwa mai jin harsuna biyu wadda aka sa leƙen asiri a fadar. A cikinsa Hatshefsut maƙwaciya ce, mai almubazzaranci, wadda ta danne haƙƙin Tutmos. Haka masana da yawa suka ɗauke ta a wancan zamani. Binciken baya ya nuna kankare sunan bai faru ba sai bayan kimanin shekara 20 da mutuwarta, don haka zancen ƙiyayya mai zafi tsakaninsu ya yi rauni. Masana sun sake ra'ayi, amma littafin yana nan yadda yake, yara suna karantawa. Darasi na farko ke nan: ƙagaggen labari yakan daskarar da ilmin zamanin da aka rubuta shi.

Darasi na biyu ya fito daga jerin littattafan ƴan mata da kamfanin Scholastic ya fara bugawa a 1999, wanda ya haɗa da labarin Kiliyobatara tana budurwa. Kowane littafi a jerin yana ƙarewa da bayanin tarihi, inda ake rarrabe wa yaro abin da ya faru da abin da aka ƙaga. Wannan dabara abin koyi ce. Amma siffar tauraruwar, wato yarinya ita kaɗai mai ja da kowa a fada, ta al'adarsu ce, kuma ba lallai ta zauna daidai a ƙasar Hausa ba. Daɗin daɗawa, kalmar Fir'auna a kunnen yaron da ya yi makarantar allo ba ta nufin kowa sai azzalumin da ya yi jayayya da Annabi Musa. Wanda duk ya fassaro labarin Masar ba tare da ya lura da wannan ba, ya yi gini a kan rairayi.

3.0 Marubucin da littafinsa

An haifi Abdullahi Mamani a Gudumariya a 1932, a Damagaram kuma ya yi suna a siyasa. Ɗan jam'iyyar Sawaba ne, ya yi zaman gudun hijira na shekaru da dama, galibi a Aljeriya, ya komo gida bayan juyin mulkin 1974, sa'an nan ya sha ɗauri a zamanin Seyni Kunce. Ya rasu a 1993 a haɗarin mota. An buga Sarraounia da Faransanci a Faris a 1980. A 1986 Med Hondo ya mayar da shi fim, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987.

Sanin rayuwar marubucin yana taimakawa wajen gane jigon littafin. Mutumin da ya ƙi mulkin mallaka, ya ga jam'iyyarsa ta sha kashi, yana neman wanda zai nuna wa ƴan ƙasa cewa an taɓa cewa a'a. Bai sami wannan a manyan fadoji ba yadda yake so, sai ya same shi a wani ƙaramin gari na Azna a ƙasar Arewa, wurin wata mace.

Zubin labarin mai rassa biyu ne. Reshe guda yana bin rundunar Faransa tana ƙone garuruwa, hafsoshinta suna ƙara haukacewa. Ɗayan yana bin Sarauniya: ta tashi ba uwa, wani dattijo mai suna Dawa ya rene ta, ya koya mata harbi da baka da sanin itatuwan magani, ta girma ta kare garinta daga mahara, daga bisani ta tari Nasara. Tsakanin rassan biyu ana leƙa fadojin maƙwabta, ana jin yadda kowane sarki yake shawarar ko ya taimake ta ko ya zuba ido.

4.0 Abin da tarihi ya tabbatar

A farkon 1899 rundunar da Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine suke jagoranta ta baro gaɓar kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi. Ranar 16 ga Afrilu ta kai wa Lugu hari, a ƙasar Dogon Dutsi. Mutanen garin suka shige kurmi suka yi ta ruwan kibau. Bisa ga lissafin Faransawan kansu, an kashe musu mutum 4, an raunana 6, sun kuma ƙone harsashi wajen 7,000. Suka ƙone garin, amma ba su kama Sarauniya ba. A watan Mayu suka yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya tsayar da su, a Ɗankori kusa da Tasawa. Cikin kwana 3 sojojinsu suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi.

Game da ita kanta Sarauniya, abin da takardun Faransawa suka ce kaɗan ne, kuma a matsayin tsohuwar matsafiya suka ambace ta. Binciken masana irin su Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho ya nuna cewa siffar da aka sani yau, wato budurwa kyakkyawa mai ɗamarar yaƙi, daga alƙalamin Mamani ta fito. A Lugu, Sarauniya sarauta ce ta addinin gargajiya wadda mata suke gāda ɗaya bayan ɗaya. Mai riƙe da ita takan zauna a ɗakinta, ba ta yawo, tana kaɗi, ana zuwa wurinta neman albarkar damina da maganin annoba. Kusa da garin akwai dutsen Tunguma, wanda ake kai ƙara gabansa. Ƙarfinta, a taƙaice, na gado ne da alfarma, da kuma yardar jama'a cewa ita ce mai riƙe da amanar ƙasa.

5.0 Inda littafin ya ci nasara da inda ya gaza

Ba a zargin mai ƙaga labari don ya ƙaga, aikinsa ke nan. Nasarar Mamani kuwa a fili take. Ya ɗauko sunan da ke shirin ɓacewa ya mayar da shi sunan da kowane ɗan Nijar ya sani, har aka raɗa shi wa makarantu da gidan rediyo. Ya nuna cewa rundunar mallaka, in aka ɗebe ƴan tsirarun hafsoshi, Baƙar fata ce, ga ƴan dako da mata da aka kamo suna biye, don haka yaƙin bai tsaya ga Fari da Baƙi ba. Har ila yau ya fito da tsoro a matsayin makami: tun kafin a isa Lugu labarin asirin Sarauniya ya riga ya karya zukatan sojoji. Wannan ya dace da yadda Bahaushe ya san yaƙi, inda kirari da laya da jita-jita suke aiki tare da mashi.

Amma idan aka auna shi da bukatar matasa, akwai gazawa iri uku.

Ta farko, tauraruwar ba ta cika bayyana ba. Babban kason littafin yana wajen hafsoshin Faransa, su ne ake jin gardamarsu da shakkarsu da haukarsu. Sarauniya kuwa daga nesa ake hango ta, kamar dutse. Ba a ganin ta yi kuskure, ko ta yi nadama, ko ta rasa abin yi. Matashi yakan manne wa tauraron da yake girma a gabansa, yana tuntuɓe yana tashi. Wadda aka haifa cikakkiya, sai dai a yi mata kirari, ba a koyon kome daga gare ta.

Ta biyu, an gina jaruntakarta a kan siffofin maza. Namiji ya rene ta, makamin maza ta riƙe, ba ta ƙarƙashin miji, ba ta da goyo, ba a kuma ganin wasu mata masu nauyi kewaye da ita. Wannan ita ce siffar da aka ba Amina ta Zazzau a labaran baka, ita ce kuma ta gemun Hatshefsut. Abin da yarinyar Hamdara za ta fahimta shi ne mace ba ta zama wani abu sai ta bar zama mace. Alhali tarihin ƙasar nan ya nuna wata hanya dabam. Innar Gobir da Iyar Maraɗi suna da fada da mabiya, su ne shugabannin bori, ana jin maganarsu a sha'anin sarauta. Daura tana da Magajiya, Barno tana da Magira. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara jajis da ƴan taru suna kai karatu ƙauyuka. Ita ma Hatshefsut, kafin ta hau gado, muƙamin addini ta riƙe a ɗakin bautar Amun, mai dukiya da ma'aikata. Duk waɗannan da muƙami da jama'a suka yi ƙarfi. Abin mamaki, tsohuwa mai kaɗi wadda ba ta fita ɗaki, amma gari guda ya tsaya ya mutu saboda maganarta, ta fi budurwa mai takobi ban al'ajabi, kuma ita ce littafin ya ajiye gefe.

Ta uku, rabon gaskiya da laifi. A littafin, Azna su ne masu riƙon mutunci, sarakunan Musulmi kuwa galibi ko masu ƙiyayya da ita ne ko masu jiran Nasara ya gama musu da ita. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin wasu sarakuna sun ba rundunar haɗin kai. Amma Birnin Ƙonni garin Musulmi ne, ya rufe ƙofa, ya kuma biya da jinin mutanensa. Sakkwato ta yi yaƙi a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a shekarar. Littafin da za a sa a hannun yara Musulmi, in ya nuna musu kakanninsu a matsayin maciya amana kawai, iyaye za su ƙi shi, kuma ba za a ce ba su da hujja ba.

6.0 Matsalolin mayar da labarin cikin Hausa

Labarin Hausawa ne, amma da Faransanci aka rubuta shi, a fim ɗin ma Sarauniya ba da Hausa take magana ba. Mai son ya komo da shi gida zai ci karo da kalmomi huɗu.

(a) Sarauniya. Ga mai karatun Faransanci wannan suna ne na mutum guda. Ga Bahaushe laƙabi ne, zai tambaya: ta ina, kuma wacce daga ciki? Dole a ce Sarauniyar Lugu, a ambaci Mangu, sunan da aka san ta da shi. Bugu da ƙari, kalmar takan kawo wa yaro hoton soro da dogarai da kakaki, irin na fadar Damagaram. Wajibi ne labari ya gyara wannan hoto tun a shafin farko.

(b) Magicienne, kalmar da ke cikin ƙaramin sunan littafin. Hausa ba ta da kalma guda da za ta ɗauke ta. Mayya mai cin kurwa ce, zagi ne. Bokanya mai sana'ar magani ce, ana biyanta. Ƴar bori dokin iskoki ce. Matsafiya ta fi kusa, amma tana ɗauke da hukuncin malamai. Mafita ita ce a bar laƙabi, a nuna aikin: ga abin da take yi in damina ta yi jinkiri, ga abin da take yi in an kawo ƙara.

(c) Azna. A ƙasar Arewa suna ne da mutane suke kiran kansu da shi ba tare da jin kunya ba. A gabas, arne da arna ko anna kalmomin raini ne. A riƙe Azna yadda masu shi suke faɗa, a yi bayaninsa sau ɗaya.

(d) Karin harshe. Mutanen Lugu Hausar yamma suke yi: hwara maimakon fara, biyat maimakon biyar, shina maimakon yana, ɗiya maimakon ƴa. Yaron Damagaram yana ganewa, amma in an cika shafi da su karatu zai yi masa nauyi. Abin da ya fi shi ne a ba da labari da daidaitacciyar Hausa, a ɗanɗana Arewanci a bakin ƴan wasa.

Akwai kuma riba. Labarin rikiɗar Sarauniya ta zama damisa, wanda Bafaranshe zai ɗauka ado ne kawai, a Hausa yana da gindi, domin kowa ya san damisa ƙi sabo ce. Kirari da zambo da habaici, waɗanda Faransanci ya rage musu gishiri, za su komo da ƙarfinsu.

7.0 Hanyar da ta ƙare a Damagaram

Mai karatu a Hamdara yana da haƙƙi na musamman a kan wannan labari, domin rundunar da ta ƙone Lugu ba ta watse a Maijirgi ba. Laftana Pallier ya karɓi ragamarta, ta ci gaba gabas, ta gamu da mayaƙan Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini a ƙarshen Yuli 1899, ta shiga birnin Damagaram. A watan Satumba aka kashe Sarkin. Faransawa sun ce fansar Kyaftin Cazemajou suka ɗauka, wanda aka kashe a birnin a watan Mayu 1898. Wato ganuwar da Sarki Tanimun ya gina, da igwogin da aka ƙera a zamaninsa, ba su hana abin da kurmin Lugu bai hana ba.

Wannan ya ba marubucin matasa abin da Mamani bai yi amfani da shi sosai ba: zare guda da ya ɗinke Azna da Musulmi, yamma da gabas, cikin wata 4 kacal. André Salifou, ɗan Damagaram, ya riga ya share fage da littafinsa na tarihin masarautar na 1971 da wasan kwaikwayonsa a kan Tanimun. Ana iya ƙaga yarinya, alal misali cikin waɗanda rundunar ta kamo, ta ga Lugu da Ƙonni da Tirmini da idonta. Ita ce za ta yi tsoro da kuskure da girma, Sarauniya kuma ta tsaya a matsayinta na tarihi. Dabarar da McGraw ta bi ke nan da ta sa baiwa a gaba, ta bar mai gadon sarauta a baya, kuma wannan ɓangare na aikinta ya cancanci aro.

8.0 Kammalawa

An ga cewa Sarraounia littafi ne na gwagwarmaya wanda aka rubuta wa manya, ya kuma cika aikin da aka yi shi dominsa. Fassara shi kalma da kalma ba za ta mayar da shi littafin matasa ba. Ga masu tsara littattafai, ana ba da waɗannan shawarwari:

1. A sake ginin labarin maimakon fassara shi, da izinin masu haƙƙin littafin in an ɗauki abin da Mamani ya ƙaga, kamar Dawa.
2. A je Lugu da Ƙonni da Tirmini a ji ta bakin masu garuruwan kafin a sa alƙalami, a kuma karanta musu abin da aka rubuta kafin a buga.
3. A sa bayanin tarihi na shafi 2 ko 3 a ƙarshe, tare da taswirar hanyar rundunar, a faɗa wa yaro a fili wane ne ya rayu, wane ne aka ƙaga.
4. Kada littafin ya tsaya shi kaɗai. A jera shi da na Nana Asma'u, da na Amina, da na Innar Gobir. In ana son sarauniya daga wajen ƙasar Hausa, Bilkisu ta Saba, wadda ta tara majalisarta ta nemi shawara kafin ta yanke hukunci, ta fi kusa da abin da yaran suka riga suka ji a wurin tafsiri. Daga nan ana iya kai su ga Hatshefsut.
5. A gwada rubutun a aji, a ƙauye kamar Hamdara, a lura da inda yara suke tsayawa da kalmomin da suke tambaya.

Abin da ke gaban masu wannan aiki ba ƙarami ba ne. Yaro da yawa littafi guda zai karanta a kan 1899, kuma abin da ya gani a ciki shi zai riƙe a matsayin tarihi har ya tsufa. Tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wajibi ne a tabbata abin da aka ba shi na ƙwarai ne.